Da Sauka Yaya Ke Farawa

Na Allah muke, daga wurinsa muka fito, kuma can za a tattara mu, babba da yaro. Yayana ya riga ni. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ne babba ni ce auta, waɗanda ke tsakaninmu duk sun daɗe da tafiya. Yanzu babu sauran mai kirana Auta a bayan ƙasa.

Ni ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba. Jikata ce zaune a gabana da alƙalami, ina faɗa tana rubutawa, na kuwa ce mata kada ta gyara mini magana. So nake bayan ni ma na bi shi, a san an yi wani mutum a ƙasar nan.

Ranar da aka kai shi makwanci, ƙauyenmu ya ga baƙin da bai sani ba. Ƙaramin ƙauye ne a gefen hanyar da ta taso daga Gashua ta nufi Nguru, ba mu saba cika ba sai ran biki. Amma suka yi ta sauka, wasu a bayan akori-kura daga Jakusko, wasu daga wajen Dapchi, har da wani dattijo daga Kumagannam da ya baro hatsinsa a kasuwa. Da aka shigo da su gaishe mu, na dubi hannuwansu, na gane ko su wane ne. Tafin hannu kamar ɓawon icce, farce a farfashe. Mahaya kuka ne.

Ɗaya daga cikinsu ya durƙusa nesa da tabarmata, ya ce, "Iya, ya haƙuri? Ni sau ɗaya na taɓa zama gabansa, a kasuwar Gashua. Amma duk shekara da muryarsa a kunnena nake saukowa daga kukar gonarmu."

Dattijon Kumagannam bai yi doguwar magana ba. Hausarsa da nauyin Barbarci a kai. Ya ce, "Ni ya hana ni wata kuka, na ji haushi. Ga ni da jikoki." Ya share ido da bakin rawani, ya fita.

Bulama, mai garinmu, ya ce an yi rashin mai gaskiya. Matar Yaya kuwa, tana ƙuryar ɗaki cikin takaba, ba ta iya cewa komai ba sai, "Ya bar mini gida cike da turaku. Ƙarƙashin gado turaku, bayan randa turaku. Ina zan kai su?" Muka yi dariya, dariyar ta juye ta zama hawaye.

To, bari in faɗa wa wanda bai sani ba. Ƙasarmu babu dutse. Fadama ce da rairayi, in ka miƙe tsaye ka ga iyakar idonka. Abin da ya fi komai tsawo da kauri a wajenmu ita ce kuka, ita ce dutsenmu. Ganyenta miya ne, 'ya'yanta kunu, ɓawonta igiya, kogonta gidan zuma. Amma jikinta sulɓi ne, hannu ba ya zagaye ta, ƙafa ba ta samun wurin kamawa. Sai an feƙe turaku an kakkafa a jikinta, mutum ya bi su kamar tsani. Kuka kuwa rai gare ta. Turken da ka kafa bara, bana ta haɗiye rabinsa, ko gara ta cinye cikinsa ta bar maka siffa. Shi ya sa kukar da ka sani bara baƙuwa ce bana.

Jikata ta ce ta gani a waya, akwai ƙasashen da mutane ke hawa duwatsu don sha'awa, har suna da littafin da ke nuna musu inda za su bi. Na ce mata to Allah ya sa masu rubuta shi suna tsoron Allah. In sun ga dama su saurari yadda Yaya yake yi, don shi ne littafinmu.

Tun yana saurayi yake hawa. Babu kukar da ke tsakanin Gashua da Nguru da bai san bayanta da gabanta ba, kowace kuma da sunan da ya raɗa mata: Gwauruwa, Mai Ƙofa, Ta Bakin Ruwa, Marowaciya. Da ƙarfi ya fara ja baya, sai ya zama ran kasuwa yana zaune a rumfar masu garin kuka, mahaya suna zuwa tambaya. Ba ya karɓar komai. Goro ma in an ba shi, matarsa yake kai wa, don haƙora sun ƙare.

Duk wanda ya zo, da sauka Yaya ke fara masa. Kafin ya gaya maka ta ina ake hawa, sai ya gaya maka ta ina ake dawowa ƙasa, inda za ka juya, ƙafar da za ka fara miƙawa, da reshen da za ka ɗaura igiya ka zuro kaya. Na taɓa zuwa sayar da daddawa kusa da rumfar, na ji wani ƙaton saurayi ya gaji da sauraro, ya ce, "Baba, ni fa hawa na tambaye ka."

Yaya ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Hawa ai ko akuya ta iya, in ta hango ganye. Ba ka taɓa ganin ta a kan katanga tana neman mai sauke ta ba? Zauna."

Rumfa ta ɗauki dariya, saurayi ya zauna.

Bayan sauka sai hanya. Gonar wane ce, wa za ka yi wa sallama ka nemi izini, ina ruwa ke tare hanya da damina. Sai ya gaya maka wanda ya fara kafa mata turke, ko da mutumin ya daɗe da rasuwa, ya ce ka yi masa addu'a. Sannan ya faɗa maka ko ta wane ce: akwai kukar koyo, akwai ta magidanci, akwai wadda ba a zuwa sai da aboki a ƙasa. Ba ya duban girman jikinka ya rage mata wuya, ba ya duban ƙanƙantarka ya ƙara mata. Daga ƙarshe ya ce kada ka aske ta tas, ka bar mata kai.

Maganarsa kashi uku ce, ba ya gauraya su. In ya ce "na taɓa", to hannunsa ya kama abin a wannan shekarar. In ya ce "na gani", daga ƙasa ya hango. In ya ce "na tuna" ko "an ce", sai ya ɗaga yatsa, ya ce, "Wannan kada ka ɗora masa nauyinka." Ko zancen iskokin da ake cewa suna zama a kuka, in an tambaye shi, cewa yake, "Ban ce babu ba. Ban taɓa ba, ban gani ba. Ka yi bismilla, sannan ka duba turke."

Da can akwai abin da ba ya yi sam. Kukar da bai je ya taɓa ba a shekarar, ba ya buɗe baki a kanta. Sai ya ce, "Ban gaishe ta ba bana. Jira." Wannan jiran shi ya kawo mu ga abin da zan faɗa.

A gonarmu ta gado, can bayan fadama, akwai wata kuka da Yaya ke kira Mai Tumbi. Daga gabas ta turo ciki waje kamar attajiri ya ƙoshi. Mai hawa ta nan yana ganin turakunsa a gabansa, ya wuce tumbin da ƙarfin hannu. Amma in ya juyo zai sauko, tumbin ya rufe masa ƙasa, ƙafa na lalube ido bai gani.

Ina da ɗa, ɗan fari. Kun san al'ada, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, ko abinci ta hannun wani nake miƙa masa. Ya girma ya yi aure, matarsa na goye da ɗa namiji. Wata kaka ya je wurin kawunsa ya tambayi Mai Tumbi. Yaya ya ce, "Ban gaishe ta ba bana. Jira in dawo daga Nguru." A kasuwa kuma wani mai cika baki ya ce masa ai wannan ko mace ta hau. Bai jira ba. Ya kafa turakunsa ta gabas, ya hau lafiya, ya cika buhu, ya rataya a baya. A wajen tumbin ƙafarsa ta nemi turke ta rasa.

Aka kawo shi a amalanke. Mata suka cika gida suna kururuwa, ni ina zaune ido a bushe, don uwar ɗan fari ba ta yi a gaban jama'a. Abin da ban zubar ba ranar, shi nake ɗauke da shi har yau.

Yaya ya dawo daga Nguru ya tarar an gama. Sai dai tun daga ranar ban ƙara jin kalmar "jira" a bakinsa ba. In an tambaye shi kukar da bai taɓa ba, sai ya faɗi abin da ya tuna, ya ɗaga yatsa, washegari kuma ya ɗauki sanda ya tafi ya gaishe ta, ya aika da gyara. Mai Tumbi kuwa babu wanda ya sake hawa. Ni ma na daina bin hanyar gonar, na bar wa maƙwabta suna nomawa.

Yaron da aka bari a goye shi ne jikana. A hannuna ya tashi, don uwarsa ta yi wani aure a Dapchi. Shi ba ɗan fari ba ne a wurina, na sake da shi, ina ce masa angona yana ce mini amarya. Da Yaya kuwa kishiyoyin wasa ne, in sun haɗu sai tsiya. "Tsoho, har yanzu ba ka sakar mini matata ba?" Yaya ya ce, "Wadda ba ka iya saya wa ko ɗankwali? Je ka yi gemu tukuna." Ya yi gemun, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Kuma duk yadda na so ya tsaya ga noma da su, jini ya ja shi, ya zama mahayi. Yaya ne ya koya masa, tun daga kukar koyo.

Bara ruwa ya yi yawa, kogi ya haura ya kwanta a kan shinkafarsa, abin da ruwa ya bari kuma ciyawar kacalla ta shaƙe. Rumbu ya zama wayam. Kukokin kusa da gari kowa ya far musu, an aske su tun ganye bai ƙosa ba. Mai Tumbi kaɗai ke tsaye da kanta cike, shekara da shekaru babu wanda ya taɓa, kuma tamu ce. Wata rana yana cin tuwo a ɗakina ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Kaka, bana zan hau ta gonarmu."

Duk ranar da ya kira ni Kaka, ba amarya ba, na san babu wasa.

Na yafa mayafi na tafi gidan Yaya. Na same shi a zaure yana feƙe turke, ƙafafu a miƙe, don a lokacin gwiwoyi sun riga sun ƙi shi. Na zauna, muka gaisa. Na ce, "Yaya, yaron nan zai zo maka da zancen Mai Tumbi. Ka ce masa ba ta hawuwa. Ka ce cikinta ya ruɓe, ko ka ce akwai mai zama a kanta. Maganarka kaɗai yake ji."

Ya ci gaba da fiƙa. Can ya ce, "Tana hawuwa, Auta."

Na ce, "Na sani. Cewa na yi ka faɗa masa."

Ya ce, "Yaron nan yana da ido. Zai je ya ƙwanƙwasa ya ji cikinta lafiya lau. Daga ranar duk abin da na taɓa gaya masa ya zama zancen tsofaffi. Ran da na ce masa reshe kaza ba ya ɗaukar mutum, zai ce haka ya ce a kan Mai Tumbi."

Na ce, "Gaskiyarka ta ci mini ɗaya. Ba ta ƙoshi ba?"

Wuƙar ta tsaya. Tun rasuwar ɗana ban taɓa faɗa masa haka ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Ya ajiye turken da ke hannunsa. Ya ce, "Shiruna ne ya ci shi. Da na ba shi ko tsohon bayani, da ya san ba a sauka ta gabas. Ba zan sake sallamar wani hannu wofi ba, balle ɗansa. Ba kuma zan cika masa hannu da ƙarya ba."

Na tashi na kaɗe zanena. Damina ta yi nisa ban taka gidansa ba. In ya aiko da gaisuwa in ce ina amsawa, shi ke nan. Har yau kuma ban ce na yi laifi ba. Duk uwar da aka taɓa kawo wa ɗa a amalanke ta zo ta gaya mini abin da za ta roƙa.

Jikana ya tafi Nguru aikin shinkafar mutane, ya ce in ya dawo da kaka zai je wurin tsoho ya karɓi bayani. Yana can, sai ga matar Yaya ta shigo mini da rana tsaka, ko sallama ba ta gama ba. Ta ce, "Taso ki ga ɗan'uwanki. Ya sa maƙwabci ya ɗora shi a amalanken shanu, wai sai ya je ya gaida kukarku. Na hana, ya ce in ba shi gorarsa. Yini guda suna can, ruwa ya kama su a hanya. Tun da ya dawo ƙirji ya riƙe."

Na same shi kwance, numfashi na fita da ƙara. Ya buɗe ido ya ce, "Auta, kin huce?"

Na ce, "Ban huce ba. Na zo ne."

Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Matso. Zan ba ki Mai Tumbi ki riƙe wa angonki. Ba na jin zan kai kaka."

Na ce, "Duk mahayan garin nan ba ka ga kowa ba sai ni? Ka san abin da nake so."

Ya ce, "Na sani. Ke ce mai tatsuniya, kanki ba ya zubar da kalma. Kuma duk duniya babu wanda ya kai ki son ya sauko."

Ya faɗa, ya sa na maimaita. Inda na tsallake ya mayar da ni baya, kamar malami da ɗalibi. Ina maimaitawa ina jin kamar garwashi nake tauna. Da ya tabbata na riƙe, ya nuna ƙarƙashin gado, ya ce damin turakun da aka ɗaure da jan ƙyalle na yaron ne, aduwa ce busasshiya. Bai ƙara wani dogon zance ba bayan wannan. Ran Juma'a da hantsi ya cika, kalmar shahada a bakinsa, kansa a cinyar matarsa, ni ina riƙe da ƙafafun nan da suka hau kowace kuka a ƙasar nan.

Jikana ya iso an riga an kai shi. Bayan baƙi sun watse ya zo ɗakina, ido jawur, ya ce, "Kaka, tsoho bai bar mini wata magana ba?"

Na ce, "Ya ce ka riƙe salla."

Ya faɗa ɗin, ba ƙarya na yi ba. Sauran na haɗiye. Na ce a raina mai bayani ya tafi, wataƙila yaron ya haƙura. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, ina zaune a kan maganar kamar kaza a kan ƙwai. Ganyen kukoki ya fara juyawa, na ce saura kaɗan ya zube, shekara ta wuce.

Ana gab da arba'in, wata safiya na leƙa gidansa in kai wa yara ɗumame. Na tarar da shi a tsakar gida ya sare reshen dalbejiya ɗanye yana feƙewa, buhu da igiya a gefe. Matarsa tana bakin murhu, tukunya a kai, babu abin da ke cikinta sai ruwa. Ya ɗago ya ce, "Amarya, yau da wuri?" Yana murmushi, ya karkata kai gefe guda. Haka ubansa yake karkata kai.

Na ce, "Ta ina za ka sauko?"

Ya ce, "Ta inda na hau mana. Ta gabas, inda na ga tsofaffin turaku."

Na zauna a kan turmi. Na ce, "Ajiye wannan ɗanyen iccen. Wanke hannunka ka zo ka zauna. Kakanka ya bar maka Mai Tumbi."

Ga abin da na faɗa masa, yadda aka ba ni. Jikata, rubuta shi daidai.

Sauka ta yamma ce, ta bayanta, inda jikinta ya miƙe kuma akwai kwari kamar an ja da yatsa. Kafin ka hau ka fara kafa turakun sauka ta nan, iya inda hannunka ya kai daga ƙasa, sauran ka ƙarasa kana hawa. Ta inda za ka sauko ta nan za ka hau, ko da gabas ta fi kiran ido. Kada ka sauko da kaya a baya. Akwai reshen da ya miƙa kudu, mai tabon gatari a gindinsa, nan za ka ɗaura igiya ka zuro buhu, sai ya taɓa ƙasa sannan ka juyo. Ƙafar hagu ke fara sauka. Turakun yamma na ƙasa, na taɓa, sun mutu, a cire. Na tsakiya na buga da gora, wanda ke daidai bakin kogo ya amsa da kyau, sauran ban yarda da su ba. Reshen kudu na gani, ɗanye ne. Abin da ke sama da shi tunawa na yi, kada ka ɗora masa nauyinka. Akwai zuma a kogon, ka bar su, ba don su ka zo ba. Kada ka je da raɓa. Ba a zuwa mata sai da mutum a ƙasa. Kakanmu ne ya fara kafa mata turke, ka yi masa addu'a. Turakun gabas na ubanka ne, kada ka taka, kada ka cire. Ka bar mata kai.

Ya saurara kai a sunkuye. Da na gama ya ce, "Tun yaushe kike riƙe da wannan?"

Na ce, "Tun yana da rai. Maimaita."

Ya maimaita. Inda ya tsallake na mayar da shi baya. Sannan na aike shi gidan Yaya ya karɓo damin jan ƙyalle.

Ya ce zai nemi aboki ya tsaya masa a ƙasa. Na ce ya nemi abokin, amma ni ma za ni. Da rana ta ɗaga raɓa ta bushe muka kama hanyar da na yi shekaru ban bi ba. Na hango ta tun daga bakin fadama. Ta ƙara ƙiba. Na zauna a yamma da ita, carbi a hannu, ban iya ja ba. Ina jin bugun turke, ɗaya bayan ɗaya, yana nisa yana nisa, har ganye ya haɗiye shi. Sai ƙarar lauje. Sai tsuntsaye. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san inuwa ta tashi daga kaina ta koma wani wuri.

Can na ga buhu yana saukowa a hankali a bakin igiya, yana juyi, har ya zauna a ƙasa, abokin ya kwance. Wani ya biyo, wani ya biyo. Sannan na ga ƙafa ta leƙo daga cikin ganye. Ta hagu ce. Ta sami turke ta zauna. Ta dama ta biyo. Da ya zo daidai bakin kogo ya tsaya, ya daɗe, na ji guduma. Sai ya ci gaba. Da tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa ya juyo, gumi har gira, ya ce, "Amarya, yau kya yi mini miya ko sai na ƙaro sadaki?"

Abin da ban zubar ba ran da aka kawo ubansa, wani sashi nasa ya zubo a nan, a gaban abokinsa, ban kuma ji kunya ba.

Da na natsu ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Kaka, akwai gyara. Turken bakin kogo da tsoho ya ce ya amsa, ya saki. Na gwada shi da hannu kafin in taka, ya yi motsi. Na taka wani wajen hawa, da zan sauko na cire shi na kafa sabo."

Na ce, "Ai bai ce ya taɓa ba. Cewa ya yi ya buga da gora."

Ya ce, "Shi ya sa na gwada."

To jikata, ki ƙara wannan a ƙasan bayanin: turken bakin kogo sabo ne, na bana. Ki kuma rubuta cewa duk wannan na bana ne. Wanda zai je baɗi ya je ya gaishe ta da hannunsa.

Kafin mu taso na ce su ba ni wuri. Na zagaya gabas ni kaɗai. Turakun suna nan a jere, sun yi baƙi, suna hawa har ƙarƙashin tumbin. Kuka ta haɗiye su saura kawuna, ɓawonta ya naɗe kowanne kamar leɓe. Na ƙasan daidai ƙirjina yake. An sare bakinsa a karkace, irin saran mai gaggawa. Na ɗora tafina a kai. Rana ta gasa shi, da ɗumi. Na kira sunan da ban taɓa kira ba, a hankali, sau ɗaya. Wannan ba za ki rubuta ba.

Da yamma na kaɗa miya da ganyen, na zuba a kwano na kai wa matar Yaya a ɗakin takabarta. Ta ɗanɗana ta ce, "Ta ina?" Na ce, "Mai Tumbi." Ta ajiye cokali ta rufe fuska da mayafi.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa, ya yalwata masa makwanci, ya haɗa shi da ɗan ƙanwarsa a inda babu faɗuwa. Mu da muka rage Allah ya kyautata namu ƙarshen. Abin da na faɗa muku a kansa, wani an ce mini, wani na gani da idona. Turken gabas kuwa yana nan, da ƙarfinsa. Wannan na taɓa.